Gardi, Jandarma da Makiyayi: Wa ke Jin Ƙorafi a Ƙasar Dakoro?

Garin Dakoro yaro ne a cikin garuruwan ƙasar Hausa. Birnin Lalle da ke maƙwabtaka da shi ya ga zaman Gobirawa tun suna gangarowa daga Azbin, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Shi kuwa Dakoro sai a 1947 Faransawa suka kafa mazaunin mulki a cikinsa, domin su sa ido a kan arewacin Maradi, inda gonar hatsi ke ƙarewa dajin kiwo ya fara. Shekara guda kafin nan aka soke dokar da ta ba kumandan, Baturen da ke mulkin yanki, ikon kulle baƙar fata ba tare da alƙali ba, kuma ranar 11 ga Afrilu 1946 aka haramta aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, bisa ƙudurin Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa. A takarda ke nan, zamanin bulala ya wuce tun kafin kumandan ya zauna a Dakoro. Amma gardin da ya rako shi da bulalarsa ya zo, kuma ba wanda ya koya masa wata sana'a.

Tun daga nan mai kaki ya yi ta canza suna da tufa: gardi, mahayin raƙumi mai sintirin daji, jandarma, ɗan sanda, ma'aikacin gandun daji. Inda yake kai bahasi ne ya daɗe bai canza ba. Na sama da shi yake amsa wa, na saman ya amsa wa na samansa, har a kai Yamai, a da can kuma har Dakar da Faris. Manomi ko makiyayin da aka taka ba shi da gurbi a wannan jeri. Ɗan gurbin da ya samu daga baya, ƙungiyoyin mutanen karkara ne suka ƙwato masa, kuma sai da jini ya zuba.

Kafin zuwan Nasara, dogari ne hannun sarki. Shi ke kamu, shi ke tsaro, shi ke zartar da hukunci, kuma ba a kai ƙararsa sai wurin ubangidansa. Shi ubangidan ba sakaka yake ba. A Gobir akwai Taran Gobir, manya tara masu naɗa sarki, waɗanda ke iya juya masa baya. A Maradi, Katsinawa sun riƙe masu zaɓen sarki huɗu: Ƙaura, Galadima, Durbi da Ƴandaka. Sai dai wannan takunkumin manya ne a kan babba, talaka ba ya ciki. Shi talaka ƙafarsa ce kotunsa: in mulki ya yi zafi, ya kwashe iyali ya koma inda ake sanyi. Bayan ƙafa sai bakin malamai. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya lissafa laifuffukan sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ, kuma biyu daga ciki makiyayin Dakoro na yau zai gane su ba sai an yi masa bayani ba. Dabbar talaka in ta shiga garken mai mulki, ba ta fitowa sai an bar wani abu. Dabbar mai mulki kuwa in ta faɗa gonar talaka, ba mai korar ta. Littafin na wanda ya yaƙi Gobir ne, don haka Bagobiri na da hujjar karanta shi da ido biyu. Duk da haka ƙorafin da ya kama ya fi jihadin tsawon rai.

Tun shigowar Faransawa aka ga yadda binciken mai bindiga zai kasance. A 1899 rundunar hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta ratsa ƙasar nan ta nufi tafkin Chadi tana ƙone garuruwa, Lugu ta Sarauniya Mangu a watan Afrilu, Birnin Kwanni a watan Mayu. Labarin ya isa Faris ne ta wasiƙar wani hafsa Bafaranshe, Péteau, wanda ya rabu da rundunar ba daɗi. Aka turo Laftanar Kanar Klobb ya bi sawu. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, kuma cikin kwana uku sojojin rundunar, baƙaƙen fata, suka kashe Chanoine da Voulet. Faransa ta rufe binciken a 1902, aka ɗora laifin a kan haukar da zafin ƙasa ya jefa mutum biyu, ƙasar da suka ci da wuta kuma aka riƙe. Mutuwar kanar guda ce ta girgiza Faris, ba dubban da aka kashe kafinsa ba.

A ƙarƙashin dokar nan ta kulle mutum ba alƙali, kumandan na iya jefa mutum kaso har kwana 15, ya ci shi tarar faran 100, a kan jinkirin biyan lanho, ƙin fita aikin hanya, ko abin da ya ga dama ya kira rashin ladabi. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. A 1924 aka rage kwanakin zuwa biyar. Bature guda ba ya iya zagaye ƙasa mai faɗin tafiyar kwanaki, don haka mulkin na yau da kullum ya koma hannun gardi da tafinta. Gardi yawanci tsohon soja ne, sau da yawa ba ɗan yankin ba. In ya sauka ƙauye a ba shi masauki, a yanka masa, a zuba wa dokinsa hatsi, a kuma yi fatan ya tashi da safe. Faɗan da ya fi ƙarfinka, ka mai da shi wasa. Waɗanda suka gaji da wasan suka tsallaka ƙasar Ingilishi, wato Najeriya, wasu suka nausa arewa inda idon hukuma bai cika kaiwa ba.

Wannan nausawa, tare da neman sabuwar ƙasar noma, ita ta cika yankin Dakoro da ƙauyuka. Manoma daga Gobir da Adar suka yi ta haƙa rijiyoyi suna sassabe daji, a ƙasar da Fulani da Abzinawa ke kiwo. Damunonin shekarun 1950 sun yi albarka, gona ta ƙara hawa. A 1954 mulkin mallaka ya ja layi ya ce noma ya tsaya nan, kuma bayan samun ƴancin kai dokar 26 ga Mayu 1961 ta sake jan layin, wanda a wannan yanki ya bi kwarin Tarka. Dokar ta fito fili: arewa da layi ƙasar kiwo ce, wanda ya yi gona a can dabba ta ci, ba shi da diyya. Amma ba a ga layin a ƙasa. Farin 1973 da na 1984 ya kashe garke, makiyayan da suka rasa shanu su ma suka kama fartanya, manoman kudu da ƙasa ta yi wa kaɗan suka ci gaba da haurawa. Aka wayi gari doka na faɗin abu ɗaya, ido na ganin wani. A irin wannan rata, mai hukunci ne ke da ta cewa, kuma abin da zai ce ana iya cinikinsa.

Ga yadda abin ke tafiya. Da kaka, tafkunan arewa sun ƙafe, garke ya juyo kudu, alhali wake da dawa ba su bar gona ba. Burtalin da shanu suka saba bi gonaki sun cinye gefensa har ya zama siririn lungu. Saniya ta kauce ta shiga gona, an yi ɓarna. Mai gona ya kama abin da ya kama, a tafi wurin mai gari, in ta ƙi a je wurin hakimi, in ta ƙi a kira jandarma. A kowane mataki makiyayi ne ke cikin sauri. Baƙo ne, ba a nan yake jefa ƙuri'a ba, dabbar da aka tsare tana ramewa kullum, sauran garken na can yana jiran ruwa, kuma dukiyarsa a fili take, kowa na iya ƙidaya ta da ido. Kukan da ƙungiyoyin makiyaya suka daɗe suna yi shi ne tara mai ninka ɓarnar sau da yawa, wadda ake biya ba rasit. Manomi ma na da nasa kukan, kuma ba ƙarami ba ne. Kiwon dare guda na iya cinye abincin shekara, kafin gari ya waye garke ya yi nisa, wani lokaci ma shanun na wani babban mutum ne a birni wanda ba a iya kira gaban mai gari. Kowane ɓangare ya fita da imanin cewa hukuma ta ɗaya ɓangaren ce. Mutumin da ya yanke ƙauna daga hukuma kuwa, gobe da kwari da baka zai fita.

Mulkin Diori Hamani bai taɓa wannan tsari ba. An haramta jam'iyyar adawa ta Sawaba tun 1959, kuma a 1964 da 1965 masu kaki da ƴan bangar jam'iyya mai mulki suka yi ta farautar magoya bayanta, ƙasar Maradi na cikin inda abin ya yi zafi. Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, har yau tsofaffi na yabonsa da cewa yakan faɗo ofis ba sanarwa, ya tuɓe ma'aikaci nan take. Gaskiya ne ma'aikata sun ji tsoro. Amma tsoron mutum ɗaya suka ji, kuma da ya rasu a Nuwamba 1987 tsoron ya bi shi, bai bar wa talaka ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Mai kakin da ɗan ƙauye ya fi gani a wancan zamani ma, ma'aikacin gandun daji ne. Dokar daji ta 1974, wadda ta gaji ta Faransawa ta 1935, ta sa itatuwa irin su gawo a ƙarƙashin kariyar gwamnati, ta yadda manomi kan sha tara don ya sare reshe a gonarsa. Sai ya koyi dabara: ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zame masa sammaci. Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta, manoman Maradi suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya tashi. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Jami'in da aka ɗora don tsaron itace, sai da ya ja da baya itacen ya tsira.

Shekarar 1990 ce ta fasa ƙwai. Ranar 9 ga Fabrairu jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu. A watan Mayu sojoji suka far wa Abzinawa fararen hula a yankin Cintabaradan, bayan wani hari da aka kai garin. Da aka buɗe taron gamin gambiza na ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991, ƙarƙashin jagorancin André Salifou, waɗannan batutuwa biyu na kan gaba. Aka kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin zarafi, aka kira manyan hafsoshi da shugaba Ali Saibou da kansa suka amsa tambayoyi, jama'a na saurare ta rediyo. Ƙasar ba ta taɓa ganin farar hula na yi wa mai anini tambaya a bainar jama'a haka ba. Abin bai yi nisa ba: Kyaftin Maliki Boureima, wanda aka tsare kan batun Cintabaradan, sojoji masu bore suka fitar da shi daga kaso a Fabrairu 1992.

Taron bai ma tashi ba sai ga labari daga Toda, cikin gundumar Gidan Runji, maƙwabciyar Dakoro ta kudu. A ƙarshen Oktoba 1991 rikicin ɓarnar gona ya rikiɗe ya zama kisan kiyashi, manoma suka kashe Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. A Yamai ana tuhumar masu kaki da harbin waɗanda bai kamata su harba ba. A Toda tambayar ita ce ina suke lokacin da ake buƙatarsu. Ga mutanen daji, tambaya ta biyun ta fi ciwo.

Toda ta sauya yadda makiyaya ke magana da hukuma. Ƙungiyar makiyaya ta AREN, wadda aka kafa a 1990 kuma hedikwatarta ke Maradi, ta shiga koya wa mambobinta abin da doka ta ce, ta raka su gaban hukuma, ta kai maganarsu Yamai. Ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye, daga matakin gunduma har na ƙauye. A teburi ɗaya aka zaunar da kantoma, ma'aikatan noma da kiwo da gandun daji, sarakuna, da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Rikicin gona sai ya fara bi ta hannun sarki a nemi sulhu, a rubuta a takarda, kafin a je kotu. Daga ƙarshen shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwizalan, aka shiga kafa turakun siminti a gefen burtalai a jihar Maradi, har da Dakoro. Ranar sakin gonaki, wadda daga ita dabba ke da izinin shiga karmami, ta zama abin da ake tsayarwa kowace shekara bayan shawara, a sanar da kowa.

Sai batun wurin da hukuma ke tsare dabbobi, inda makiyayi ya fi shan wuya. Wata doka ta 2006 ta tsara yadda ake tsarewar. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ƙungiyoyin makiyaya suka shafe shekaru suna jan zarenta har ta fito a zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta bar layin 1961 a matsayinsa, ta kuma hana riƙe dabbar da ta yi ɓarna muddin mai ita ya amsa laifinsa gaban hukuma.

Kada a kambama abin fiye da kima. Kwamitin filaye ba ya iya ladabtar da jandarma, ba ya iya rage wa kowa girma. Amfaninsa shi ne ya taƙaita wurin ciniki: inda turken siminti ke tsaye, ba a sayen shaidar inda burtali ya bi, kuma makiyayin da ya san dabbarsa ba ta tsaruwa bisa doka ba ya tsayawa kamar wanda bai sani ba. Rauninsa ma a fili yake. Yawancin aikin da kuɗin masu tallafi ake yin sa, in tallafi ya ƙare babur ya rasa mai. Wakilin makiyaya kuma kan zama Bafillacen da ke zaune a gari, ba wanda ke bin shanu ba. A Nuwamba 2016, a Bangi ta gundumar Madawa, mutum 18 suka mutu a irin wannan rikici, shekara 25 bayan Toda.

Akwai wani rukunin mutane da ko ƙofar jandarma ba sa tunkara, su ne waɗanda aka haifa da tambarin bauta. Wannan bambanci na ɗa da bawa bai tsaya ga ƙabila guda ba. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda aka kafa a 1991, ta matsa har aka mai da bautarwa laifi a dokar hukunci a 2003. Shari'ar Hadijatou Mani ce ta gwada dokar. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa, a yankin Kwanni. Da ta sami takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai wata kotu ta yanke mata wata shida a kaso, wai ta yi aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta kama gwamnatin Nijar da laifi, ta umarce ta biyan miliyan 10 na sefa, saboda hukumominta sun ga bauta ƙiri-ƙiri suka kau da kai. Wato shirun jami'i ma laifi ne da ake biya, abin da iyalan Toda suka sani tun 1991.

A birni kuwa wayar hannu ta shigo cikin lamarin. A Afrilu 2017, bayan zanga-zangar da ɗalibi Mallah Bagalé ya rasa ransa a Yamai, hoton bidiyo ya bazu na ƴan sanda suna dukan wani ɗalibi, kuma uku daga cikinsu suka sami ɗaurin shekara guda. Haka bidiyo ya yi a Amurka a Mayu 2020 kan kisan George Floyd, haka ya yi a Najeriya a Oktoban shekarar har aka rusa rundunar ƴan sanda ta SARS. Kenya ma tun 2011 ta kafa hukumar farar hula mai binciken ƴan sanda. A Nijar, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, wadda tsarin mulkin 2010 ya tanada, ita ta ɗauki irin wannan nauyi. A Satumba 2020, ƙarƙashin Khalid Ikhiri, ta bayyana cewa ta gano gawa 71 a kaburburan bai ɗaya a yankin Inates na jihar Tillaberi, ta kuma nuna yatsa ga wasu jami'an tsaro. Gwamnati ta musanta. Amma ba ƙaramin abu ba ne hukumar da ke cin kasafin ƙasa ta faɗi haka da bakinta. Sai dai duk wannan na buƙatar shaida da ƴan jarida da intanet, kuma a bakin rijiya a arewacin Tarka, inda mutum biyu masu kaki ke magana da makiyayi guda, babu mai ɗaukar hoto.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jingine tsarin mulkin 2010, CNDH kuma ta tafi tare da shi. A Disamba 2024 aka kama Moussa Tchangari, sakataren ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe suna bibiyar ayyukan jami'an tsaro. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata, tare da Mali da Burkina Faso, kuma kotun da ta saurari Hadijatou Mani ta wannan ƙungiya ce. A kudancin jihar Maradi, wajen Madarumfa da Gidan Runji, satar shanu da garkuwa da mutane sun sa jama'a na roƙon ƙarin masu kaki, ba ragi ba, kuma wanda ke roƙon tsaro bai cika tambayar yadda aka yi shi ba. Makiyayin da aka riƙe wa shanu a kwarin Tarka da kakar bana, wuraren da zai je su ne ƙofar sarki, kwamitin filaye, ofishin ƙungiyarsa, da alƙalin Dakoro in yana da kuɗin mota da wanda zai bar wa garke.